Yadda Ake Gina Siffantawa a Zanen Mafarki Mai Siffar Mutum

Tambaya: Na kai matsayin da zan iya zana mutum da fentin mai ya fito da kamanninsa. Yanzu ina son in koma irin zanen nan na zamani da ake ganin mutum sak, amma a cikin wani hali da ba ya yiwuwa, kamar a mafarki. Duk wanda na gwada, ko dai ya zama tarin abubuwan mamaki da ba su haɗu da juna ba, ko kuma ma'anarsa ta fito fili ƙwarai kamar allon talla. Ta yaya ake sa zane ya ɗauki ma'ana ta hanyar siffantawa, kuma ta ina ake fara aikin?

Amsa: Ɗan'uwa, matsalolin nan biyu tushensu ɗaya ne. A duka biyun an ɗauko abin mamakin ne daga waje aka ɗora wa mutumin da ke cikin zanen, maimakon a tono shi daga jikinsa ko daga halin da yake ciki. Wannan kuwa gyara ne da ake yi a kan takarda tun kafin a taɓa buroshi.

A nazarin adon harshe, idan aka ce wane kamar zaki yake, an yi kamantawa. Idan aka ce wane zaki ne, an yi siffantawa. Mai zane ba shi da damar cewa "kamar". Duk abin da ka sa a jikin ƙyalle, ido yana karɓarsa a matsayin abin da ke nan tabbas, saboda haka idan ka ba mutum ƙirjin gilashi, ƙirjinsa gilashi ne, kuma dole ya ɗauki haske ya yi nauyi irin na gilashi. Akwai kuma alamtarwa, wadda ita ce ta jefa ka cikin matsalarka ta biyu. Kurciya ta zaman lafiya, ƙoƙon kai na mutuwa, sarƙa ta bauta, agogo na shuɗewar lokaci: duk an riga an yarda da ma'anarsu kafin ka zo. Mai kallo zai karanta su cikin ƙiftawar ido ya wuce, don babu abin da ya rage masa ya gano da kansa.

Salon, wanda ake kira Suriyalizim, ya kafu a matsayin ƙungiya a Faris a 1924, lokacin da marubuci André Breton ya fitar da sanarwar manufofin ƙungiyarsu. Tun farko hanya biyu aka bi. Wasu sun saki hannu ya yi abin da ya ga dama. Max Ernst, a 1925, ya riƙa ɗora takarda a kan katakon daɓe yana gogawa da fensir, sannan ya nemi siffofi a cikin abin da ya fito. Wasu kuwa, irin su René Magritte na Beljiyam da Salvador Dalí na Sifen, sun zana abin da ba ya yiwuwa da irin tsanakin da ake zana abin da ke gaban ido. Abin da kake nema jikan wannan hanya ta biyu ne, kuma kasuwarsa na ci a yanzu: babban baje kolin fasaha na birnin Benis na 2022 ya ɗauko takensa daga wani littafin Leonora Carrington, ɗaya daga masu zanen wannan salo, sannan a Nuwamban 2024 an sayar da wani zanen Magritte na 1954 a gwanjo a New York a kan dala miliyan 121.

Darasin da ya fi amfani gare ka yana cikin wani zane da Magritte ya yi a farkon shekarun 1930. Keji ne na tsuntsu, babu tsuntsu a ciki sai ƙaton ƙwai da ya cika shi. Kafin nan masu wannan salo sun fi son haɗa abubuwan da babu abin da ya haɗa su, kamar yadda Giorgio de Chirico ya rataya safar hannu ta roba kusa da kan gunkin Girkawa a 1914. Magritte ya gano cewa abin ya fi ratsa mutum idan abubuwan biyu suna da dangantaka a ɓoye. Ƙwai shi ma keji ne, kuma tsuntsun da za a tsare yana ciki tun bai zo duniya ba. Haka ya yi da takalma biyu da gabansu ya rikiɗe ya zama yatsun ƙafar mutum: fata ce da aka jeme take rufe fata mai rai, ya nuna maka su a matsayin abu ɗaya. Duk siffantawar da ta tsaya da ƙafafunta a zane tana da irin wannan mahaɗi, ko dai a siffa, ko a aiki, ko a wurin zama.

Dubi zanen Frida Kahlo ta Meziko na 1944, wanda tsawonsa bai wuce santimita 40 ba. Ta yi hatsarin motar bas a 1925 tana da shekara 18, ƙashin bayanta ya karye, kuma lokacin da ta yi zanen tana sanye da ɗamarar ƙarfe ta asibiti. Ta zana kanta a tsaye, jikinta a tsage tun daga wuya har ƙasa, kuma a inda ƙashin baya yake ta sa ginshiƙin gini irin na Girkawa, duk ya daddare. Ginshiƙi da ƙashin baya siffarsu ɗaya, dogo mai gaɓa-gaɓa. Aikinsu ɗaya, ɗaukar nauyin abin da ke sama. Ta kuma ajiye shi daidai mazauninsa, kansa yana tokare da haɓarta. Ƙusoshi sun soke fatarta ko'ina, ƙasar da ke bayanta ita ma a tsattsage take, sai ta maimaita tsagar jikin ba tare da ta kawo sabuwar magana ba. Fuskar kuwa a miƙe take tana kallon ka, hawaye na zuba amma ba ta yamutse ba. Da ta zana fuskar tana kuka da ihu, da ginshiƙin ya zama ƙari kawai. Ita da kanta ta ƙi yarda a ce mafarki take zanawa, ta ce halin da take ciki ne, kuma ina ganin wannan shi ne sirrin ƙarfin zanen.

Masu zane na yanzu sun faɗaɗa hanyoyin. Ewa Juszkiewicz ta ƙasar Folan, wadda aka haifa a 1984, tana ɗauko tsofaffin hotunan matan Turai na ƙarni na 18 da na 19, ta sake zana su da kayansu na alfarma da zamansu na ladabi, sai ta naɗe fuskar gaba ɗaya da yadi ko gashi ko ganye. A waɗancan hotunan ado ya riga ya danne matar da ke ciki. Ita dai ta ƙarasa abin ne har ya fito fili. Paula Rego, 'yar Fotugal da ta rasu a 2022, ta yi jerin zanen mata a 1994 da alli mai launi, suna durƙushe da hannu da gwiwa, suna yage baki irin na kare. Ba ta ba su jela ko kunnen kare ba. Yanayin jiki kaɗai ya yi dabbantarwar, kuma wannan hanya ce da masu koyo ke mantawa da ita alhali ta fi kowace tsafta. Michaël Borremans na Beljiyam yana zana mutane cikin natsuwa da launuka masu duhu irin na tsofaffin gwanayen Sifen, wani lokaci jikin ya ƙare a ƙugu a kan tebur kamar kayan ado, babu jini babu tashin hankali. Michael Armitage, haifaffen Nairobi a 1984, ya kai siffantawar har cikin abin da yake zane a kai: yana amfani da yadin ɓawon itace na Yuganda da ake kira lubugo, wanda ake yi wa mamaci sutura da shi, kuma hujoji da ɗinke-ɗinken yadin suna fitowa a jikin mutanen da ya zana. Neo Rauch na birnin Leipzig a Jamus shi ne ke cika ƙyalle da abubuwan mamaki barkatai, mutane manya da ƙanana da tufafin zamani daban-daban, amma yana ɗaure su da 'yan launuka kaɗan masu kama da na tsohuwar fosta da ta koɗe. Kada ka fara da irin nasa. Ka fara da abu ɗaya tak da ba ya yiwuwa, sauran zanen duk ya zama gaskiya.

A kan takarda, rubuta halin da kake son nunawa a jimla ɗaya mai mutum a ciki. "Kaɗaici" ko "lokaci" ba su isa ba, sun yi faɗi. Mu ce: mace ce da ta daɗe tana jiran wanda ya yi tafiya bai dawo ba. Abin da zai fara zuwa maka shi ne agogo, sai taga, sai busasshen fure. Rubuta su ka soke su, don su ne za su fara zuwa wa kowa. Sannan ka jera abubuwa goma zuwa goma sha biyar da jikinta ke taɓawa a wannan hali: kujera, ƙofa, labule, ƙura, wasiƙa, bango, daɓe. Kowanne ka tambaye shi abu uku. Ina ya yi kama da jikin mutum? Wane aiki yake yi da ita ma take yi? A ina suke haɗuwa? Kujera ta amsa duka ukun. Tana da inda ake ɗora hannu daidai tsawon damtse zuwa wuyan hannu, aikinta zama wuri ɗaya har sai an zo, kuma jikin matar yana manne da ita. To ga siffantawarka: hannun matar da ke kan kujera ya fara zama katakon kujerar. Ba ka buƙatar agogo, domin kowa ya san katako ba ya cin mutum a yini ɗaya.

Yanzu ka yi ƙananan gwaje-gwaje da fensir ko gawayi, kowanne kamar santimita 5 da 7, guda ashirin zuwa talatin, da matakin haske uku kacal: fari, toka, baƙi. Abin da kake nema shi ne inda ido zai fara sauka. Ya kamata ya sauka a fuska, ya ɗauka hoton mace ne a zaune, sai bayan daƙiƙa biyu ko uku ya gangaro ya tarar da hannun. Wannan ɗan jinkirin shi ke sa mutum ya tsaya. Idan ka sa hannun a tsakiyar ƙyalle da haske mafi ƙarfi, ka koma allon talla.

Daga nan sai ka samo abin kallo na gaske. Zaunar da mutum a kan kujerar da za ka zana, a ɗaki mai duhu, da fitila ɗaya daga gefe a sama, kimanin digiri 45. Idan hoto za ka ɗauka da waya, ja da baya kamar mita uku ka zuƙo, domin daga kusa gilashin waya yana kumbura duk abin da ya fi matsowa, hannu ya fi kai girma. Abin da babu shi a duniya kuwa, ƙera shi: yi ɗan samfuri da yumɓu ko kwali, ka ajiye shi ƙarƙashin fitilar nan ɗaya. Masu haɗa hotuna daban-daban a kwamfuta suna faɗawa rami a nan. Fuskar an ɗauke ta da hasken taga daga hagu, kujerar da hasken rana daga dama, sai zanen ya fito kamar an yanko an manna, mai kallo ya ji wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba.

Abubuwa uku ne ke sa ido ya yarda da abin da hankali ya ƙi. Na farko inuwa: duk inuwoyi su faɗi ɓangare ɗaya, kuma duk inda abu ya taɓa wani abu a sa siririn duhu a gindinsa. In babu wannan siririn duhun, ƙafa za ta yi kamar tana yawo a iska. Idan kuma da gangan kake son abu ya tashi sama, raba inuwarsa da shi. Gwargwadon nisansa da ƙasa, gwargwadon yadda inuwar ke nisa tana dusashewa a gefe. Na biyu layin ido, wanda ɗaya ne tak a zane. Idan mai kallo a tsaye yake a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kawunan duk masu tsayi irin nasa suna kan wannan layi komai nisansu, saboda haka abin da kake son ya zama ƙato sai ya zarce layin sosai, a kuma ga ƙasansa yana zaune a inda ya dace. Magritte ya cika ɗaki da tuffa ɗaya a 1952, kuma abin da ya sa ta zama ƙatuwa shi ne katakon daɓe da taga da suke a ma'auninsu na kullum, da hasken tagar da ya kwanta a jikinta. Na uku launin maƙwabta: jan yadi yana jefa ɗan ja a ƙarƙashin haɓa, katako yana jefa ruwan ƙasa a cikin inuwar hannu.

Wurin rikiɗar, inda fata ke zama katako, shi ne zai ci maka lokaci fiye da fuska. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ja layi, nan fata nan katako, sai ya zama kamar ta sa safar hannu. Ba rikiɗar fili, aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsawon hannun, kuma kada ka canza komai da komai a wuri ɗaya. Fara da zanen jikin katako: siraran layukansa su fara bayyana a cikin fatar da har yanzu launinta na fata ne, suna bin hanyar jijiyoyin da ke tafiya daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Bayan santimita biyu ko uku sai launi ya fara juyawa. Daga baya sheƙi ya canza, domin hasken fata mai laushi ne yana bazuwa, na gogaggen katako kuwa siriri ne mai kaifi. Siffa ita ce ta ƙarshe: ƙashin wuyan hannu ya zama kullin katako, gaɓoɓin yatsu su zama sassaƙar bakin kujera. A duk tsawon wannan wuri, matakin haske da duhu ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu. Ɗauki hoton wurin ka mai da shi fari da baƙi. Idan ka ga inda aka haɗa, ba ka gama ba.

Game da fentin kansa, wannan salo yana son shimfiɗa sirara-sirara a kan fili mai santsi. A ƙyalle mai kimanin santimita 60 da 80, shafa jeso, wato farin shafen da ake share fagen ƙyalle da shi, sau uku, kana gogewa da sanfefa mai laushi, lamba 220, bayan kowace shafa ta bushe. Rufe farin da ruwan ƙasa na umba da aka tsinka da tina sosai, ka goge da tsumma har ya zama kamar ruwan shayi. Kwafe zanenka a kai, sannan ka gina hoton gaba ɗaya da umba da fari kawai, a matakin haske biyar, ka bar shi kwana uku zuwa mako guda. Duk matsalar haske a nan ake kashe ta. Launi ba ya gyara abin da ya karkace a wannan mataki. Sai shimfiɗar launi, sai kuma siraran shafe masu nuna abin da ke ƙarƙashinsu, waɗanda ke ba inuwa zurfi.

Ƙa'idar ita ce kowace shimfiɗa ta fi ta ƙarƙashinta mai. A ta farko, man linsid, wato man da ake dama fenti da shi, kashi ɗaya, tina kashi uku. A ta tsakiya ɗaya da biyu. A ta ƙarshe ɗaya da ɗaya. Idan ka juya tsarin, ta sama za ta bushe ta ƙage alhali ta ƙasa tana motsi, sai zanen ya tsattsage bayan watanni. Haka idan ka ɗora umba, mai bushewa a kwana ɗaya ko biyu, a kan baƙin aibori ko jan kadmiyom da ke ɗaukar kwana biyar ko fiye kuma bai gama bushewa ba. Mai idan ya yi yawa, fenti yana tattarewa ya yi yaushi. Guji farin zink a shimfiɗun ƙasa, domin yana ƙagewa ya ɓanɓare da tsufa. Farin titaniyom ya fi aminci. Ana iya ɗora fentin mai a kan akirilik, wato fentin da ake tsinkawa da ruwa, amma akirilik ba ya kama jikin fentin mai. Kada ka sa fari a cikin inuwar fata, zai mai da ita furu-furu. A fata mai duhu ma haka abin yake a wurin haske: hasken yana ɗaukar launin abin da ke haska ta, shuɗi-shuɗi daga taga, ruwan goro daga fitila, don haka a haɗa farin da wannan launi. Tsummokaran da suka sha man linsid kuwa suna iya kamawa da wuta da kansu idan aka dunƙule su, sai a jefa su cikin gwangwani mai ruwa a rufe. Banish, wato shafen ƙarshe mai kare zane, sai bayan wata shida aƙalla.

Kafin ka sa suna, nuna zanen ga mutum uku, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ka ce komai ba. Tambaye su abin da suka gani, sannan abin da suka ji. Idan duka ukun suka faɗi jimlarka kalma da kalma nan take, ka yi bayani da yawa, sai ka cire wani abu: wasiƙar da ka sa a cinyarta, ko hawayen. Idan kowa ya kama gabansa, wannan ya ce tsoro, wancan ya ce dariya, to mahaɗin bai fito ba, ka koma wurin rikiɗar ko yanayin zamanta. Abin da ake so shi ne su haɗu a kan abin da suka ji, su rabu a kan labarin: wani ya ce miji take jira, wani ya ce ɗa, wani ya ce tsufa ne ya kama ta. Sunan ma kada ya fassara zanen. Magritte yakan bar abokansa su taya shi zaɓen suna bayan an gama aiki. Ga zanen matar nan, "Jira" zai rufe ƙofar da ka sha wahalar buɗewa. Sunan wata rana ta mako, ko sunan ɗakin da take zaune, ya isa.